Tagar da Ke Kallon Kudu

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki lami lafiya a ƙasar da ban taɓa takawa ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga bakin jirgi. Na cusa ta cikin safar ulun da na saka miki a akwati, don na san in na miƙa miki hannu da hannu cewa za ki yi, "Umma, kuma dai?" Da Hausa na rubuta. In na yi miki Turanci sai in koma nas, in kama jero miki dokoki kamar ina sallamar majinyaci, ni kuwa yau uwarki ce ke magana. Ki bi ta a hankali, aji huɗun da kika yi a firamare a Katsina zai ishe ki.

Maganar gidan nan ce ta hana ni sakat. Kin ce da kin sauka Melbourne, can Ostireliya, kwana biyar za ki yi a masauki, sannan ki sa hannu a takardar haya ta shekara guda. Kin nuna mana hotunansa a kwamfuta muna cin abincin rana, kina ta murna wai tagar falo da ta ɗakin kwana duk kudu suke kallo. Kika ce a feng shui, ilimin nan na Sinawa na tsara gida da kike haɗawa da aikinki, ɓangaren kudu shi ne na wuta, na ɗumi da haske da ɗaukaka. Abbanki ya ɗago kai daga tuwonsa ya ce, "To ai can ƙasan duniya rana ta arewa take bi."

Kika ce kin sani, malaman abin ma sun rabu biyu a kai. Wasu sun ce in an tsallaka layin da ya raba duniya gida biyu sai a juya komai, tunda rana da bazara da hunturu duk sun juya. Wasu sun ce a'a, allurar kamfas, abin nan mai nuna kudu da arewa, ba ta san an tsallaka komai ba, inda take nunawa a Sin nan take nunawa a Ostireliya, don haka ba a taɓa ƙa'ida. Malamarki tana cikin na biyun, ke kuma kina bayanta. Ni kuwa maimakon in yi magana irin ta manya, sai na daka miki tsawa na ce, "Ita malamar taki tana da sikila?" Kika rufe kwamfutar kika haye sama, tun ranar ba mu sake tayar da zancen ba.

Tambayar tana nan, tsawar ce nake janyewa. Tsoro nake ji, Walida, tsoro sosai. Kina barin nan a watan Mayu itatuwa sun yi kore, can kuwa hunturu za ki tarar yana shigowa. Ɗakin da ke kallon kudu a can, rana ba ta leƙa shi a lokacin sanyi. Wata abokiyar aikina da ta yi zama a garin ta ce tsofaffin gidajensu ba a gina su don sanyi ba, sai ki ga mutum da rigar sanyi a cikin falonsa. Lafiyayye zai yi atishawa ya wuce. Ke kin san abin da sanyi ke yi wa jininki, kin san yadda ciwon ke farawa daga ƙashin baya ya sauko ƙafa.

Ba zan yi musu da ke a kan maganaɗisu da taurari ba, ban karanta ba. Abin da na sani shi ne sau uku ina ɗauko ƙa'ida daga inda aka haife ta in dasa ta inda ba ta san kowa ba, kuma sau ukun ina shan kunya. Bari in ba ki su, ko kya rage wa kanki hanya.

Na farko kin san ɓarinsa, don Abbanki ba ya gajiya da ba baƙi labarin, sai dai kullum yana cire kansa daga ciki. Da muka sauka Silver Spring, nan gefen Washington, a benen nan mai hawa tara da kullum yake ƙamshin abincin Habashawa, ranar farko na tashi na duba inda rana ke fitowa na shimfiɗa darduma. Me zan tambaya? Tun ina goye alƙibla gabas take. A Katsina in aka ce mutum ya fuskanci gabas, an gama magana. Abbanki da duk injiniyancinsa ya tsaya a gabana ya ja mu salla, safiya ta yi ya hau jirgin ƙasa ya tafi ofishinsu na unguwar Southwest a cikin Washington yana auna gine-ginen gwamnati.

Kusan shekara biyu muka yi a haka. Sai ranar da Hajiya Ramatu, Bamaraɗiyar nan mai kitso a hawa na uku, ta zo yi miki kalaba, la'asar ta same ta a wurinmu. Na shimfiɗa mata darduma. Ta tsaya ta dubi dardumar, ta dubi taga, ta dube ni.

"Ke Bakatsiniya, ina muka nufa haka?"

Na ce, "Gabas mana, Hajiya."

Ta ce, "To madam, a sauka lafiya. Ni dai Makka za ni." Ta sa ƙafa ta karkata dardumar hagu sosai, wajen arewa maso gabas, ta kabbara abinta.

Na ji haushi ƙwarai, har na ce a raina mai kitso ce za ta koya mini salla. Da Abbanki ya dawo ya ɗauko ƙwallon taswirar duniyar nan naki na makaranta, ya ja zare daga Washington zuwa Makka. Zaren ya hau sama ta arewa kafin ya gangara. Ya sake jan wani daidai gabas, inda muke kallo. Ya bi zaren da yatsa, ya ce, "Kin san ina wannan ya faɗa? Kusa da gida." Ashe shekara biyu Najeriya muke fuskanta. Ya yi ta dariya har da ƙwalla, ni kuwa ban ga abin dariya ba sai da malamin da muka tambaya ya ce ba sai mun rama ba, tunda ba da gangan muka yi ba.

Ka'aba ba ta matsa ko taku ɗaya ba, mu ne muka matsa, kuma ba mu tambayi kowa ba. To ke ma ki tambaya. Abbanki ya duba miki, alƙiblarki a can yamma take, da ɗan karkata arewa. Jikinki zai ƙi, zai ce miki kin juya wa Makka baya, kar ki saurare shi. In alƙibla da kanta tana sauya gefe idan mutum ya yi nisa, ban ga dalilin da zai sa a ce taga ba za ta sauya ba. Matambayi ba ya ɓata, ko da mai kitso zai tambaya.

Na biyu tsakanina da ke ne. Kin tuna kamfas ɗin nan ja mai zobba-zobba da rubutun Sinanci, wanda Misis Cen ta ba ki da kika gama sakandare? Tsohuwar nan 'yar ƙasar Sin da ke tsallaken titinmu a nan Largo, mai shuka kabewa da ganye a tukwane a bakin ƙofa. Ita ta fara sa miki son abin nan, kina zuwa taya ta ban ruwa tana gaya miki dalilin da ya sa ba a sa gado daidai ƙofa. Ranar da na dawo daga asibiti na tarar kin ja kujerun falo kin sauya musu wuri, kin rataya madubi a lungu, kina tsaye da kamfas a hannu, sai kaina ya yi zafi. Na ce bokanci kika shigo mini da shi gida. Na ce ba a Katsina kaɗai ake da 'yan bori ba ashe. Na fizge shi na jefa a kwandon shara, a gabanki.

Ba ki yi kuka ba. Kin dube ni kin ce, da Turancin nan naki mai sanyi, "Shi ke nan, Umma. Ba zan ƙara nuna miki komai ba." Kuma kin cika alkawari. Shekara shida ke nan kina karatunki kina aikinki, sai dai in ji a bakin mutane wai 'yata ta tsara wa wance gida ya yi kyau. Hotunan gidan Melbourne su ne abu na farko da kika sake nuna mini, ni kuma na sake yin abin da na saba.

Har gobe ina nan a kan bakana game da rabin abin. Arziki da ɗaukaka da tsawon rai ba sa shigowa ta taga, Allah ke bayarwa, kuma ina roƙonki kar ki bari wani littafi ya raba ki da wannan. Amma ɗaya rabin, na inda iska ke kaɗawa da inda rana ke faɗawa da inda ruwa ke kwanciya, ai kakarki ma ta san shi. Ba ta taɓa yarda a yi mata ɗaki yana kallon yamma ba, kuma ba wanda ya ce mata boka. Da na zauna na ce ki koya mini, da na tsince tsakuwa na bar shinkafa, da yau in na yi miki maganar taga za ki ji ta a matsayin magana. Na zubar da duka tukunyar, ga shi yanzu ina neman kunnenki ta cikin safa. Ki yafe mini wannan. In kin zauna da mutanen can kika ga suna abin da bai yi miki ba, ki fara tambayar dalili kafin ki yanke hukunci, kar ki gaji bakin uwarki.

Na uku shi na fi jin nauyinsa, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Ban taɓa gaya miki shi duka ba, Abbanki ma bai san wani ɓangaren ba.

A watan Agusta muka zo duba gida a Largo, kina da shekara goma sha uku. Kin san zafin garin nan na Agusta, mai danshi, wanda ko Katsina ba ta yi mini irinsa ba. Dillaliyar ta nuna mana gida biyu a titi ɗaya, suna kallon juna. Na farko yana kallon kudu, rana ta cika falon har tana kashe ido. Ko zama ban yi ba na ce mu tafi, wa zai sayi tanda? Na biyu, wannan da muke ciki, yana kallon arewa, bayansa kuma dogayen itatuwa sun rufe. Muna shiga na ji sanyi ya ratsa ni, na ce alhamdu lillahi. A garinmu ɗaki mai kyau shi ne wanda rana ba ta samu. Can rana bisa kai take bi, gabas da yamma kawai muke lissafi, ba wanda ya taɓa ce mini gida yana da kudu da arewa. Kuma duk rainon da na yi miki a gida da zafi nake yaƙi, kar ki yi gumi, kar ruwan jikinki ya ƙafe, kar ciwon ya tashi.

Sai na ɗauki ɗakin da ya fi kowane sanyi, na ƙasan nan mai taga ɗaya da daɓen siminti a ƙarƙashin kafet, na ce na Walida ne. Gata na yi miki. Ke ma kika yi tsalle, don kin samu ɗaki nesa da idona.

Ranar da muke shigo da kaya Misis Cen ta tsallako da kwanon ganye ta yi mana barka da zuwa. Ta ga ana shigar da gadonki ƙasa. Ta tambaya na wa ne, na ce na 'yata, har na ƙara da cewa ba ta da lafiya sosai, shi ya sa na ba ta inda ya fi sanyi. Matar nan ta girgiza kai. Turancinta guntu-guntu ne amma na gane ta sarai. Ta ce, "Ba kyau. Yarinya sama. Wannan ɗaki ba rana. A garinmu iska mai sanyi daga arewa, rana daga kudu. Nan ma haka." Na yi mata murmushin da ake yi wa tsofaffi, na karɓi ganyen, na ce a raina ni da nake nas, matar da ke rataya madubi don korar tsiya ce za ta gaya mini inda zan kwantar da 'yata.

Hunturu ya zo. Gidajen tsallake, ƙanƙararsu kan narke kafin azahar, tamu sai ta kwana huɗu a kan matakala ta zama gilashi. Hita tana aiki, amma zafin sama yake hayewa, ɗakinmu ya yi ɗumi, naki ya zauna kamar randa. A hunturun farko sau uku aka kwantar da ke. Na ce sauyin gari ne. Na ce makaranta ce, kina tsayuwa jiran bas. Na saya miki bargo na biyu da na uku. Ni da nake gaya wa iyayen wasu yara su kiyaye sanyi, ban taɓa cire takalmi na taka daɓen ɗakinki da safe ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Bayan kwanciyarki ta biyu a hunturu na biyu, Misis Cen ta tare ni ina kankare gilashin mota. Ta riƙe mini hannu da hannunta mai sanyi ta ce, "Na ga motar asibiti. Don Allah, yarinya sama." Har ta nuna mini tagar ɗakin baƙi ta baya, wadda ke samun 'yar rana ta saman itatuwa. Na zare hannuna na ce mata na gode, muna da likitoci. Na sha jinin jikina a lokacin, wani abu ya ce mini gaskiya ta faɗa. Amma in na mayar da ke sama, na yarda ke nan ni na jawo, kuma na yarda tsohuwar da nake rainawa ta fi ni gani. Sai na bar ki a ƙasa har wani hunturun. Girman kai ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

A hunturu na uku ne ciwon ya kama ƙugunki na hagu bai sake shi ba. Sai da aka yi miki aiki sannan na hau da gadonki sama, na ce wa kowa saboda banɗaki ya fi kusa ne. Likitanki ya ce ba wanda zai iya cewa ga abin da ya jawo, masu sikila da yawa ƙugunsu kan lalace ko a ina suke kwana. Na gode masa, ya yi ƙoƙari. Amma ni ke wanke miki kaya, ni ke ganin yadda dugadugin takalminki na hagu ke cinyewa ta gefe guda. Kullum kika ce ai ke kika nace sai ɗakin ƙasa, sai in bar ki da laifin. Ba ke ba ce, Walida. An gaya mini sau biyu, na ƙi ji.

To kin ga abin da ya sa na yi tsawa ranar nan. Na ga yarinya mai ilimi ta riƙe ƙa'idar da ta yi daidai a wani gari, za ta shiga da ita ɗaki mai sanyi tana murna. Na san fuskar nan, tawa ce. Bambancin kawai ni daga Katsina na ɗauko tawa, ke daga littafi.

Misis Cen ta koma wajen ɗanta tun bara, ban sami bakin ba ta haƙuri ba, ban kuma san ɓangaren da za ta bi a gardamar malamanku ba. Abin da na riƙe dai, da ta zo ba ni dalili ba ta ambaci allura ba. Iska ta ambata, da rana. Mutanen da suka fara cewa gida ya kalli kudu, ɗumi suke nema wa 'ya'yansu, a ƙasar da ɗumi ke zuwa ta kudu. In an kai su inda yake zuwa ta arewa, ban yi tsammanin za su zauna suna rawar sanyi don girmama kamfas ba. Wannan ra'ayina ne, na matar da ba ta yi karatun ba. Ki ajiye gardamar ga gidajen masu ba ki aiki, ki tsara musu yadda kika ga dama. Ɗakin da za ki kwana kawai nake roƙo.

Kar ki sa hannu a takardar hayar nan daga masauki. Ki je gidan da kanki da tsakar rana. Ki ce wa dillalin ya kashe fitilu da hita, ki ga ko haske na shigowa da ƙafarsa. Ki cire takalmi ki tsaya a daɓen ɗakin kwana minti biyar. Ki shafa bangon bayan labule ki ji ko da danshi, ki buɗe kabad ki shinshina. Ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, ki nemi wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ki tambaye ta yadda ɗakin yake a watan Yuli. Duk abin da ta ce miki, ko da Turancinta bai fita ba, ki tsaya ki ji har ƙarshe. In ɗakin ya yi sanyi ki bar shi, ko da ya fi kowane kyau a hoto, ki nemi mai kallon arewa. Kuma tun kafin ki sayi labule ki nemo asibitin da ya san ciwonki, ki kai musu takardunki, suna cikin jakar nan shuɗiya.

A nan in ciwon ya tashi, minti goma ne tsakanin gadonki da asibiti, kuma ni ke tuƙi. Can kuwa na zauna na lissafa, ko a ranar na samu jirgi, sai kin kwana kin wuni kina kirana kafin in iso. Wannan lissafin ne ke hana ni cin abinci. Ba zan ce kar ki tafi ba, aikinki ne, kin sha wuya kafin ki same shi, kuma ina alfahari da ke ko da bakina bai iya faɗa ba. Abin da ya rage mini a hannu shi ne in roƙe ki ki kwana inda rana ke shiga.

Allah Ya tsare mini ke a sama da ƙasa, Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya ɗumama miki ƙashi, Ya sanyaya miki zuciya a kaina. Ya ba ki maƙwabta masu faɗa miki gaskiya, Ya ba ki kunnen jin ta tun a karon farko. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Abbanki yana gaishe ki, ya ce ki sha ruwa da yawa a jirgi.

Ki kira ni daga cikin ɗakin, kafin ki sa hannu. Ba zan yi tsawa ba.

Wassalam,
Ummanki